Ruwa da Awo, Haske da Awo: Tarihin Kariya daga Hasken Asibiti a Ƙasar Kura da Bunkure

Gabatarwa

Ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasa ce da aka san darajar awo. Tun daga ranar da ruwan Tiga ya fara bin magudanai yana shiga gonaki, manomin wannan yanki ya gane cewa ruwan da ke raya alkama shi ne kuma ke ruɓar da saiwarta idan ya kwana a fangali. Akwai wani abu na biyu mai irin wannan hali da ya shigo rayuwar manomin, ko da yake bai saba da shi kamar yadda ya saba da ruwa ba. Shi ne hasken nan mai ratsa jiki da ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji da shi, ake kuma ƙona ciwon daji da shi, wanda masana ke kira radiyeshan. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin warinsa, fata ba ta jin zafinsa a lokacin da yake wucewa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda ɗan Adam ya koyi auna wannan haske, da yadda ilimin awon ya iso Nijeriya, da kuma abin da ya rage kafin ya kai ga mara lafiyar da aka ɗauko daga bakin kanal.

Hasken da ya ci masu shi

A ranar 8 ga Nuwamba, 1895, wani malamin kimiyya Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya lura da wani haske da ke fitowa daga bututun gilashin da yake gwaji da shi a birnin Wurzburg, yana ratsa baƙar takarda kamar babu ita. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito fili. Cikin 'yan watanni likitocin Turai da Amurka suka rungumi abin, domin a karon farko an sami hanyar ganin karaya ko harsashi ba tare da an tsaga jiki ba. A 1898 kuma Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom a Faransa, wanda daga baya aka riƙa amfani da shi wajen yaƙar ciwon daji.

Zuma da zaƙi take, da harbi kuma. Ma'aikatan farko sukan sa hannunsu a gaban na'ura domin su gwada ƙarfinta, kullum, shekara da shekaru. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya yi ta fama da gyambon da ba ya warkewa har aka yanke masa hannuwa biyu, ya rasu a 1904, abin da ya sa ubangidansa ya jingine binciken gaba ɗaya. Ita ma Marie Curie ta rasu a 1934 da cutar da ta kashe mata ɓargo. A 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a harabar wani asibiti a birnin Hamburg, aka zana sunayen likitoci da ma'aikata fiye da 150 daga ƙasashe daban-daban waɗanda wannan haske ya yi ajalinsu.

Waɗannan mace-mace su suka haifar da ilimin kariya. A 1928 masana suka haɗu a birnin Stockholm suka kafa kwamitin da daga baya ya zama Hukumar Kariya daga Radiyeshan ta Duniya. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai Rolf Sievert na ƙasar Siwidin, wanda a yau ma'aunin abin da jiki ya sha na hasken ke ɗauke da sunansa. Da farko hankali ya fi karkata ga ma'aikaci. Sai a 1956 wata likita a Oxford, Alice Stewart, ta nuna cewa yaran da aka haska tun suna cikin mahaifiyarsu sun fi sauran yara kusan ninki biyu wajen mutuwa da ciwon daji. An daɗe ana jayayya da ita, amma daga ƙarshe bincikenta ya tsaya, kuma shi ne asalin tambayar da ake yi wa mace a ƙofar ɗakin hoto game da juna biyu.

Ƙurar Reggane

Mutumin ƙasar Kano bai fara jin labarin wannan haɗari daga bakin likita ba. Daga arewa ya zo masa, ta hanyar da kakanninsa suka sani. Garin Kura ya yi suna tun kafin zuwan Turawa da rini da bugu, kuma rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura ya daɗe yana ratsa Sahara a kan raƙuman Buzaye. A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, a tsakiyar wannan Sahara, kusa da garin Reggane na Aljeriya, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima fiye da sau uku. Lokacin hunturu ne, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga hamada tana zubewa a ƙasar Hausa. Taswirar sojan Faransa da aka bayyana wa duniya bayan fiye da shekara 50 ta nuna cewa burbushin ya bazu a kan babban yanki na Afirka ta Yamma.

Afirka ba ta yi shiru ba. Shugaba Kwame Nkrumah na Gana ya ƙwace ikon taɓa kadarorin Faransa a ƙasarsa. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ranar 27 ga Disamba, 1960, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ta yi kimanin wata uku da karɓar mulkin kai, ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961, ta kuma hana jiragen ƙasar na sama da na ruwa shigowa Nijeriya. Fargabar wannan ƙura ce ta sa aka kafa Sashen Kariya daga Radiyeshan na Tarayya a Jami'ar Ibadan a 1964, shekarar da Nijeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA. Sashen ya riƙa auna burbushi a muhalli, ya kuma riƙa lura da abin da ma'aikatan ɗakunan hoto ke sha. Sai dai ba shi da dokar da za ta ba shi ikon rufe ko da ɗaki guda. Abin lura a nan shi ne, ƙasar da ta iya tunkarar Faransa a kan ƙurar da ke zuwa daga nesa ta ɗauki fiye da shekara 30 kafin ta yi dokar da za ta tsare hasken da ake kunnawa a asibitocinta.

Ruwan Tiga da sababbin buƙatu

A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga cikinta aka ja babbar magudana zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, a ƙarƙashin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda kula da shi ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Ƙasar da ada ake nome ta sau ɗaya a shekara, sai ɗan lambu da jigo a bakin fadama, ta koma kore rani da damina. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa suka jawo 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa daga nesa, injinan casa suka cika Kura, kasuwar Kwanar Gafan ta riƙa loda kwandunan tumatir zuwa kudu.

Kowane allazi da nasa amanu. Arzikin ya zo da nasa raunuka. Hanyar Kano zuwa Zariya, wadda ta ratsa yankin, ta cika da manyan motoci da babura, karaya ta yawaita. Bel ɗin inji da bakin tarakta suka zama sababbin masu raunata hannu. Cunkoson 'yan ci-rani a ɗakunan kwana ya ba tarin fuka wurin yaɗuwa. Duk waɗannan hoto suke buƙata. Masu ɗori na gado suna nan da martabarsu, amma a yau ba abin mamaki ba ne a ga majinyaci ya je wurinsu riƙe da hoton ƙashinsa a cikin ambulan. Wanda rauninsa ya tsananta sai a wuce da shi birni, tafiyar kimanin kilomita 30, zuwa Asibitin Murtala, ko Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988.

Akwai kuma cutar da ruwan kansa ya reno. Katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya tana son ruwa mai tafiya a hankali da ciyayin gefen kanal, yara kuwa suna son wanka. Fitsarin jinin da wasu iyaye ke ɗauka alamar balaga ce, idan ya daɗe ba a magance shi ba, yana illata mafitsara, kuma kimiyya ta tabbatar da alaƙarsa da ciwon dajin mafitsara. A nan tarihin ruwa da tarihin haske suka haɗu a jikin mutum ɗaya: yaron da ya yi iyo a kanal yana ɗan shekara goma yana iya zama dattijon da zai buƙaci gashin daji. Shekaru da dama, mafi kusa da zai sami wannan magani shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tafiyar fiye da kilomita 100, idan na'ura na aiki kuma layi ya zo kansa.

Doka ta biyo baya

Na'ura ta riga doka isowa. A 1987 aka yi dokar da ta kafa hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, domin a bambance wanda ya karanci aikin da wanda ya koya da gani. A shekarar ce kuma aka girka na'urar siti-sikan ta farko a ƙasar, a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Sai a 1995 aka zartar da Dokar Kiyaye Haɗarin Nukiliya da Kariya daga Radiyeshan, ita ma ta kwanta a takarda har zuwa 2001, lokacin da aka kafa hukumar NNRA domin aiwatar da ita. Ƙa'idojin farko sun fito a 2003, waɗanda suka keɓanta da ɗakunan hoto da na gashin daji kuma suka biyo baya a 2006. A 2004 ne Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kunna tukunyar nukiliya ta bincike ta farko a Nijeriya, a Zariya, maƙwabciyar wannan yanki.

Dokokin sun ginu a kan ginshiƙai uku da masana na duniya suka shimfiɗa a 1977. Na farko, kada a haska mutum sai amfanin ya rinjayi illar. Na biyu, idan za a haska, a yi da mafi ƙarancin abin da zai ba da hoto mai kyau. Na uku, a sa wa ma'aikaci da sauran jama'a iyaka: milisibat 20 a shekara ga ma'aikaci bisa matsakaicin shekara biyar, milisibat 1 ga wanda ba ma'aikaci ba. Domin a fahimci girman awon, kowane ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama. Hoton ƙirji guda ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milisibat, wato abin da mutum zai sha cikin 'yan kwanaki ko mako biyu yana zaune a gida. Siti-sikan na ciki kuwa yana iya kai milisibat 10, daidai da na kimanin shekaru huɗu. Shi kuma hoton da mata suka fi sani da sikanin, da sauti yake aiki, babu wannan haske a cikinsa, shi ya sa ya dace da mai juna biyu da kuma duba mafitsarar mai tsargiya.

A aikace, kariya abu uku ce: taƙaita lokaci, nisanta jiki, da shamaki. Wanda ya ninka nisansa daga na'ura sau biyu ya rage abin da ke isa gare shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Bango mai kauri, ƙofa mai dalma, rigar dalma ga wanda zai riƙe yaro, da ɗan ma'aunin da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji a riƙa karantawa lokaci zuwa lokaci, su ne kayan aikin. Inda gizo ke saƙar shi ne tazarar da ke tsakanin takarda da ɗakin hoto na ƙaramin gari. Tsohuwar na'urar da aka sayo kwance, ba a gwada ta ba, tana iya fitar da abin da ya zarce wanda aka saita. Wutar da ke rawa tana ɓata hoto, a sake ɗauka, majinyaci ya sha ninki biyu a kan kuɗin da ya biya sau ɗaya. Shagon da aka mayar ɗakin hoto, bangonsa na bulo ne mai rami, a bayansa kuwa tela ne ke zaune daga safe har dare. Ga kuma majinyacin da ke ganin likitan da bai tura shi hoto ba bai duba shi da kyau ba.

Darasin 'yan gwangwan

Na'urar hoton ƙashi tana daina fitar da haske da zarar an kashe wuta. Tsohuwar na'urar gashin daji ba haka take ba, domin a cikin kanta akwai ɗan ƙulli na sinadarin kobal ko siziyom wanda ba ya kasuwa, sai dai ya yi ta raguwa cikin shekaru. A watan Satumba na 1987, a birnin Goiania na ƙasar Birazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi suka kwance irin wannan na'ura, suka sayar wa mai sayen ƙarafa. Da aka fasa ƙullin sai aka ga gari mai shuɗin ƙyalli a cikin duhu, aka riƙa rabawa 'yan'uwa suna shafawa. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida, kimanin 250 suka gurɓata, aka auna fiye da mutum 100,000, aka rushe gidaje. A shekarar 2000 irin haka ta faru a wata matattarar ƙarafa a Samut Prakan ta ƙasar Tailan, mutum uku suka rasu. A wannan shekarar dai, a ƙauyen Mit Halfa na Masar, wani manomi ya tsinci ɗan ƙarfen da masu duba bututu suka yar, ya kai gida yana zaton abu ne mai daraja, shi da ɗansa suka rasa rayukansu.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kano cibiya ce ta cinikin tsofaffin ƙarafa, kuma yaran da ke yawo da kura da maganaɗisu suna sayen gwangwan ba su bar ƙauye ko ɗaya ba. Kaɗan ne cikinsu aka taɓa nuna wa alamar nan mai fuka-fuki uku a kan launin ɗorawa, aka ce musu duk abin da ke ɗauke da ita a guje shi a sanar da hukuma. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 kafin a gane musabbabin, ya isa ya nuna yadda gubar da ba a gani ke yin ɓarna a karkara kafin labari ya kai birni.

Na bakin ruwa da na wutsiya

Manoman Kadawa sun san wata tsohuwar matsala: wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa yakan sha har ƙasarsa ta jiƙe ta yi gishiri, na wutsiyar kanal kuwa yana kallon shukarsa tana bushewa. Haka rabon wannan haske yake a nahiyar Afirka. Masar da Afirka ta Kudu suna riƙe da kaso mafi girma na na'urorin gashin daji na nahiyar, alhali a farkon shekarun 2020 ƙasashe fiye da 20 ba su da ko guda. Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara haƙar yuraniyom a garinta na Arlit a 1971, aka kuma daɗe ana haskaka biranen Faransa da shi, sai a 2021 ta fara yi wa masu ciwon daji gashi a Yamai. Saboda haka maganar kariya a Afirka fuska biyu gare ta. A manyan birane ana fargabar yawan hoto ba bisa dalili ba. A karkara kuwa mutane suna mutuwa da cutar da hoto guda zai iya ganowa da wuri.

Nahiya mai ƙasashe 54 da harsunan mulki daban-daban ba ta iya tafiya da doka ɗaya, sai dai da haɗin gwiwa. A 2009 hukumomin sa ido na ƙasashen Afirka suka kafa dandalinsu. A Disambar 2012 IAEA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da kiran birnin Bonn mai matakai goma na kare majinyaci. A 2015 likitocin hoto da ma'aikatansu na Afirka suka ƙaddamar da gangamin AFROSAFE a Nairobi, a 2022 kuma aka ƙaddamar da wani shirin IAEA a Addis Ababa domin kai gashin daji ƙasashen da ba su da shi, Nijar na cikin rukunin farko. A gida, Jami'ar Bayero tana yaye masu digiri a fannin hoton asibiti, kuma na'urorin zamani masu aiki da kwamfuta sun fara rage sake ɗaukar hoto, ko da yake su ma suna da nasu tarkon, domin hoto yakan fito tas ko da an zarce awo, ba mai ankara.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kowace ƙa'ida ta kariya da ake bi a yau an saye ta da ran wani: yatsun ma'aikatan farko, yaran da Alice Stewart ta ƙirga, iyalan Goiania. Ya kuma nuna cewa Nijeriya ta yi doka, ta kafa hukuma, ta horar da ma'aikata, amma sa ido ya fi ƙarfi a inda kwalta ta fi faɗi. Abin da ya rage aiki ne na kusa. Ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam za su iya sanin adadin ɗakunan hoton da ke ƙasarsu da wanda ke da lasisi. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke tara manoma domin yashe magudanai, za su iya tara su domin karɓar maganin tsargiya, ta yadda buƙatar gashi za ta ragu tun daga tushe. Shugabannin 'yan gwangwan za su iya koya wa yaransu alama guda. Majinyaci kuma yana da haƙƙin ya tambayi dalilin hoto, ya adana wanda aka yi masa domin kada a maimaita, mace ta faɗi halin da take ciki ba tare da kunya ta hana ta ba, kuma kada tsoro ya sa wani ya ƙi hoton da likita ya ga wajibi ne. Al'ummar da ta koyi buɗe ƙofar ruwa da rufe ta a kan lokaci cikin shekara 50 ba za ta gaza koyon wannan awon ba, matuƙar an yi mata bayaninsa da harshenta.